Ranar da Baba Iro Ya Bar Fitila a Kunne

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya, wallahi. Jiya ɗayanku ya tsaya a bakin rumfar nan, hannu a aljihu, yana kallona ina haɗa wa wata mota batir, sai ya ce wai aikin rewaya ai ba komai ba ne, waya biyu ce kawai, ja da baƙa. Na ci gaba da aikina, don mai motar yana sauri. Yau kuwa ga shi babu kowa, to ku gyara zama a bencin nan ku ji. Ni Sabi'u, shekarata talatin da ɗoriya ina aikin wutar mota a garin nan na Daura, kuma na ga ranar da abincin wani dattijo ya rataya a kan wayoyin nan biyu da kuke rainawa. Baba Iro sunansa, direba ne. Sai dai ba za ku gane labarinsa ba sai kun san inda ni na fito.

Aikin farko da maigidana Malam Hamza ya ba ni shi ne wanke kan batir. Wannan farin abu mai kama da gishiri da ke taruwa a kai, shi zan zuba wa ruwan zafi in goge da burushin waya har gubar ta fito fes. Wata shida ina wannan. Ruwan batir ya huda min riguna kaf, har innata ta ce in dai wannan ce sana'ar to gara in koma gona. Kayan aikin Malam Hamza duka suna shiga cikin jaka guda: sifana mai lamba goma da mai sha biyu, filaya, sukundireba, da wani ƙwan fitila da ya ɗaura wa waya biyu yana gwada wuta da shi. Sai tsohuwar cajarsa da ke kusurwa tana gurnani daga safe har yamma. Ba shi da mitar auna wuta, bai kuma yarda da ita ba. In yana so ya san ƙarfin batir, sai ya goga waya a kai ya kalli tartsatsin, ya ce, "Wannan zai kai Sallah," ko ya ce, "Wannan sai addu'a."

A lokacin duk motocin garin masu giyar hannu ne, kuma batir ya mutu ba wani tashin hankali ba ne. Kun san halin mutanenmu, ba a roƙon turi. Direba zai buɗe ƙofa ya dafa ta da kafaɗa kawai, kafin ya ce wani abu mai shayi ya ajiye ludayi, mai faci ya tashi, har wanda ya fito masallaci da carbi a hannu zai zo ya sa nasa. A sa giya ta biyu, a taka kuloci, mota ta ɗauki gudu, a saki, sai ka ji ta yi tari ta kama. Kowa ya karkaɗe hannu ya koma harkarsa, ba wanda ya san sunan wani.

In kuwa babbar mota ce ɗauke da kaya, wadda turi ba zai yi mata ba, akwai dabarar da muke kira aro. A ciro batirin wata mota a ɗaura mata, a tayar, sannan injin na cikin aiki a kwance na aron a mayar wa mai shi, a ɗaura mataccen ya ci gaba da shan caji a hanya. Malam Hamza ya koya min ita, na yi ta sau ba adadi, ba ta taɓa ba ni kunya ba.

A wajen irin wannan aikin na san Baba Iro. Babbar mota yake ja, yana ɗauko gero da wake daga kasuwannin Baure da Babban Mutum ya kai Kano. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana, kuma duk tashar nan ba wanda ya kai shi sanin mota. Yana jin ƙarar inji daga nesa zai gaya maka abin da ke damunsa. Rabin direbobin hanyar Baure a hannunsa suka koyi riƙe sitiyari. Da Malam Hamza ya rasu na buɗe tawa rumfar, Baba Iro ne ya fara kawo min aiki.

Motar da ta kusa raba ni da sana'a wata ja ce ta wani malamin makaranta. Lokacin ne motocin Kwatano suka fara cika gari, da yawansu atomatik, ba kuloci, feda biyu kawai. Batirinsa ya mutu nan bayan tasha, aka kira ni. Na zo da ƙarfin gwiwata, na ɗaura nawa, mota ta tashi lafiya lau. Sai na sa sifana na kwance batirina, injin na aiki, kamar yadda na saba. Ina cire kan nan fitilun gaba suka yi wani irin haske fau, na ji warin ƙuna, injin ya ɗauke ɗif. Muka mayar da batir, muka murɗa, ina! Ko ƙas ba ta ce ba. A kan wata mota aka ɗora ta zuwa Kano, can aka ce na ƙona birenbos, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa komai na motar. Ni a ranar na fara jin sunan abin ma.

Daura kuwa ƙaramin gari ne wajen labari. Kafin sati ya zagayo na zama Sabi'u mai ƙona mota. Har masu tsofaffin motocin da na daɗe ina yi wa aiki suka riƙa wucewa ta gabana suna kau da kai. Damina guda da rani guda na yi ina gyaran tocila da ƙananan janareto. Na ji kunya a shekarar nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba. Baba Iro zai faka babbar motarsa a gaban rumfar nan, inda kowa zai gani, ya ce in duba masa hon, alhali hon ɗin lafiyarsa ƙalau. Wata rana ya ce min, "Sabi'u, motocin nan ba tafiya za su yi ba, ƙaruwa za su yi. Jibi ina da lodin Kano. Ka haɗa kayanka."

Shi ya kai ni, ya danƙa ni ga wani mai gareji da na girme shi da kusan shekara goma. Wata huɗu na yi ina ce wa sa'an ƙanena oga, ina miƙa masa sifana. A can aka zaunar da ni aka fahimtar da ni. Batir, ban da tayar da mota, shi ne ke shanye rarar wutar da oltaneta, na'urar da ke yi masa caji, ke bayarwa. Ka cire shi inji na aiki, wutar nan sai ta yi tsalle ta faɗa kan duk abin da ta samu. Tsofaffin motocinmu ba su da abin da zai ƙone, shi ya sa muke tsira. Turi kuma, a motar giyar hannu ƙarfe ne riƙe da ƙarfe, in taya ta juya dole inji ya juya. A atomatik mai ne a tsakani, man kuwa ba ya da ƙarfi sai inji na aiki. Ku tura ta daga nan har Kwangwalam, gumi kawai za ku yi. Na dawo da mita, da kebul na haɗa batir da batir, mai kauri irin na gaske, wanda har yanzu ga shi can rataye. Sannu a hankali mutane suka dawo.

To, shekaru suka ja, sai gwiwar Baba Iro ta hagu ta gaza. Kulocin babbar mota ba wasa ba ne, shekara talatin da wani abu yana taka shi. Ta kai in ya sauko daga mota sai ya dafa taya ya daɗe kafin ya miƙe. Likita ya ce ya bar tuƙi in yana son ƙafarsa. Ya zauna a gida kusan shekara, ga iyali, ga jikoki marayu uku a hannunsa, shi kuwa ban da sitiyari bai san komai ba. Ko gona ba shi da ita.

Sai Allah ya kawo Hajiya Rabi. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce da ta yi ritaya ta koma sayen riɗi da wake a kasuwannin ƙauye. Babban ɗanta da ke aiki Abuja ya aiko mata da mota atomatik, tana neman direba. Ni na kai mata Baba Iro, don mota ce da ƙafar hagu ba ta da aiki a cikinta, ita kaɗai ce irin da zai iya ja a duniya. Hajiya ta yarda. Ɗan nata ne bai so ba. Ya ce tsohon direban babbar mota bai san motar zamani ba, zai lalata ta, shi yana da wani matashi da zai turo. Da ƙyar aka tsaya a kan gwajin wata ɗaya, kuma ya faɗa a fili cewa ko tangarɗa ɗaya aka samu magana ta ƙare. Na zaunar da Baba na nuna masa fakin, wato giyar ajiye mota, na nuna masa gaba da baya. Amma Allah na tuba, maganar batir ba ta zo min a rai ba sam.

Kwana ashirin da 'yan kai da fara aikinsa, wajen sha ɗaya na rana, ina nan ina naɗa wa wani kik na tayar da inji waya, sai wayata ta yi ƙara.

"Sabi'u, kana ina?"

"Ina rumfa, Baba. Lafiya?"

"Muna Babban Mutum ni da Hajiya. Mota ta ƙi tashi. Na murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas. Mun fito da ruwan sama da safe na kunna fitila, da muka iso ban kashe ba. Ta yi ta min ƙara da na buɗe ƙofa, na ɗauka irin surutunta ne, ka san komai sai ta yi kuka."

Na ce, "To batir ne ya zube, ba wani abu ba. Me kuka yi mata?"

"Mutane sun taru sun tura, ko motsi ba ta yi ba. Giyar ma ta ƙi fita daga fakin."

"Ba za ta fita ba, Baba, wuta ke buɗe ta. Ka ce su bari haka nan, kada su karya wani abu."

Ya ce, "Sun bari. Ga wani mai akori-kura nan zai ara mana batirinsa, amma yana lodi, yana so a mayar masa nan take. Mu yi dabarar aro irin tamu kawai."

Na ce, "Baba, irin tamu ce fa ta rufe min rumfa shekara guda. Kai ka kai ni Kano a kanta."

Ina jin hayaniyar kasuwa ta cikin wayar, da muryar wani yana cewa a buɗe bonet mana, rana na yi. Na tambaye shi ko akwai mai kebul a kusa, ya ce an nema ba a samu ba, sai wata siririyar wayar gida. Na ce wannan narkewa za ta yi. Na ce, "Ka ba ni awa ɗaya da rabi. Don girman Allah kada ka bari kowa ya sa sifana a motar nan."

"Hajiya na jira, ɗan nan. Yaronta ya kira sau biyu."

"Na sani, Baba. Ka riƙe min ita kawai."

Na ɗaure batir mai cikakken caji a bayan babur da igiyar roba, na rataya kebul a wuya, mita a aljihu, na kama hanyar Zango. Ruwan safe ya cika ramuka, ga shanu ana kora su kasuwa, sai da na kwashe kusan awa biyu.

Abin da na tarar ba zan manta shi ba. Motar tana gefen 'yan hatsi, mutum sun fi ashirin kewaye da ita. Baba Iro kuwa yana zaune daram a kan bonet, ƙafar nan mai ciwo a miƙe, rana ta fito bayan ruwa tana dukansa, rigarsa sharkaf. Ya hau ne don kada wani ya buɗe. Mai akori-kura yana tsaye da sifana a hannu yana cewa, "Haba Baba! Kai fa ka koya mana wannan dabarar. Yau kuma ƙaramar mota ce ta gagare ka?" Wani ya ce tsufa ne, aka kwashe da dariya. Ba da mugunta suke yi ba, taimako suka zo yi, kuma a iya saninsu gaskiya suke faɗa. Amma a kasuwar nan fa shekara talatin in mota ta ƙi tashi shi ake kira. Hajiya Rabi tana can ƙarƙashin wata rumfa kusa da buhunanta, ta zuba ido tana kallo.

Na gaishe ta, na dawo na kama hannun Baba ya sauko. Yanzu ku buɗe kunne, ku masu cewa ja da baƙa. Na fara sa mita a batirin motar, na ga zubewa kawai ya yi, bai kumbura ba, ba ya yoyo. Da ya fashe ko ya kumbura, ba zan haɗa ba ko za a ba ni motar kyauta. Na sa Baba ya kashe fitila, da rediyo, da na'urar sanyi, ya zare makulli. Na ajiye batirina a ƙasa. Ba launin waya nake bi ba, don na sha ganin motar da wani gwani ya sauya mata wayoyi, alamar da aka buga a jikin batir nake gogewa in gani da idona. Na maƙala ja a kan mai alamar tarawa na motar, ɗaya bakin a mai alamar tarawa na nawa. Na maƙala baƙa a ɗaya kan na batirina. Bakinta na ƙarshe kuwa ban kai shi kan mataccen batir ba, sai na nemi wani ƙarfe tsirara a jikin inji, nesa kaɗan, na kama a nan. Wannan na ƙarshen shi ke yin tartsatsi, batir kuwa yana fitar da wata iska mai kama wuta.

Mai akori-kura ya ce, "To a murɗa mana."

Na ce, "Malam, yi haƙuri, sai ya ɗan sha."

Minti biyar muka tsaya kowa na kallona kamar mai duba. Wannan jiran shi ne abin da ku ba ku iyawa. Sannan na ce, "Baba, shiga. Taka birki, ka bar ta a fakin, ka yi bismillah."

Murɗawa ɗaya ta kama. Wurin ya ɗauki sowa, har da masu tafi. Na cire wayoyin daga ta ƙarshe zuwa ta farko, ban bari bakunansu sun haɗu ba. Na sake sa mita, na ga oltaneta na ba da caji yadda ya kamata. Na ce masa kada ya kashe ta sai Daura. 'Yan dako suka fara loda buhuna a but, jama'a suka watse.

Sai na ga Baba Iro ya fito, ya bar injin na aiki, ya ɗingisa zuwa wajen Hajiya. Na bi shi. Ni a raina na riga na shirya abin da zan faɗa, cewa batirin da mota ke zuwa da shi daga waje dama ba ya daɗewa a zafinmu. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce gaskiyar ranar ba. Bai ma ba ni dama ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Hajiya, ba laifin mota ba ne. Ni na bar fitila a kunne. Na ɓata miki rana guda, na sa an yi ta kallonki a kasuwa. Yaronki ya yi gaskiya, ban san motar nan ba. In na kai ki gida sai in ajiye makulli."

Ni na san abin da ke jiransa a gida in ya ajiye makullin nan. Tausayinsa ya kama ni har na kasa ɗaga kai.

Hajiya ta juyo gare ni ta ce, "Malam Sabi'u, da ya bari sun yi abin da suke so su yi, me zai faru?"

Na ce, "Da wuya ta kai ku gida, Hajiya. Na taɓa yi wa wata, a kan mota aka ɗauke ta."

Ta gyaɗa kai. Kafin ta ce wani abu wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta ce ɗanta ne. A gabanmu ta ɗauka. Muna jin muryarsa sama-sama yana faɗa, ta bar shi sai da ya gaji. Sannan ta ce, "Eh, ta tashi. Fitila ya bari a kunne, shi ya faɗa min da bakinsa." Ta saurara kaɗan. "A'a, tsaya ka ji. Awa biyu mutumin nan yana zaune a kan motarka cikin rana, yaran da ya koya wa tuƙi suna masa dariya, bai bari an taɓa ta ba. Ina zaune ina kallo. Kada ka turo min kowa. Ina da direba."

Ta kashe wayar ta jefa a jaka, ta ce, "Malam Iro, sa hularka mu tafi, ko azahar ban yi ba."

Baba ya mayar da hular, ya goge fuska da hannun riga, ya daɗe yana gogewa. Ya buɗe wa Hajiya ƙofar baya, ya zagaya ya shiga mazauninsa. Ina ɗaure batirina a babur sai na ji ya sauke gilashi.

"Sabi'u."

"Na'am, Baba."

"Zagaya gaba ka duba min. A kashe take?"

Na zagaya na duba. Na ce, "A kashe take, Baba."

Ya ce, "To, bismillahi." Ya taka birki, ya ja giya, suka hau titi.